Zuwa Ga Auta, Kan Magungunan Umma Kafin Tafiya Umara



Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Umma. Na saurari saƙon da ka turo cewa biza ta fito. Alhamdu lillahi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka ɗauki nauyin rakiyarta.

Magana ɗaya ce a ƙarshen saƙon ta hana ni sukuni, shi ya sa na ga gara in rubuto, don ka samu abin dubawa ranar haɗa kaya. Ka ce za ka juye magungunanta a 'yar roba ɗaya don sauƙin ɗauka, in kuma sun ƙare a can sai ku kira likitanta ta WhatsApp ya rubuto wasu. Don Allah kada ka yi na farkon, kada kuma ka dogara da na biyun.

Na hawan jini da na suga ba su dame ni ba. Uku ne abin dubawa: tramadol da take sha in gwiwar ta tashi, da pregabalin na zugin ƙafa, da Lexotan na barci. Mu mun san likita ne ya rubuta mata, mun san daren da ba ta runtsa ba. Jami'in kwastan a Jidda ko Madina bai san wannan ba. Shi a wurinsa dukkansu suna cikin jerin ƙwayoyin da doka ta sa wa takunkumi, kuma ka san hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yakan kai har kisa. Ƙwaya tsirara a roba, ba kwali ba suna, da me za ka kare kanka?

Ka tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018. Wasu ma'aikata ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, cike da tramadol. Ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, amma sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019, bayan NDLEA ta bankaɗo masu laifin, gwamnati kuma ta sa baki. Na kuma ji kana cewa wataƙila ku bi ta Alƙahira. To a Masar ne aka ɗaure wata 'yar Ingila shekara uku a 2017, saboda an same ta da ƙwayar tramadol 290 da ta ce ta kawo wa mijinta mai ciwon baya. Kyakkyawar niyya ba ta fitar da ita ba.

Saboda haka ka kai Umma asibiti a wannan makon, ba sai ana gobe tafiya ba. Ka nemi rahoton likita a kan takardar asibitin, da hatimi da sa hannu, da Turanci. A rubuta sunanta yadda yake a fasfo harafi da harafi, a faɗi ciwon, a faɗi kowane magani da ƙarfinsa da yadda ake shansa a rana. Ka roƙi likitan ya sa ainihin sunan maganin, ba na kamfani kaɗai ba: Lexotan sunansa bromazepam, Lyrica kuma shi ne pregabalin, kuma da waɗannan sunayen suke a jerin hukuma. Ƙa'idar Saudiyya ita ce kada rahoton ya wuce wata shida da rubutawa, adadin maganin kuma kada ya wuce na kwanakin da mutum zai yi, iyakarsa na kwana 30. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar tana da shafi a intanet da matafiyi zai nemi izinin shiga da irin waɗannan magunguna tun yana gida. Ka cika shi da kanka, kada ka bar wa ejan, ka buga amincewar a takarda.

Ka sayi maganin a kantin magani mai rajista, ka adana rasit. Tramadol da NAFDAC ta yarda da shi mai lamba 50 ne da mai 100. Wancan mai 225 da ake sayarwa a ɓoye ko a nan gida laifi ne. A bar kowanne a kwalinsa, a sa a jakar hannun Umma, tare da takardun, domin babbar jaka takan ɓata ko ta makara. In an tambaya ka faɗa tun kafin a buɗe. Duk wanda ya kawo maka saƙo ya ce ka kai wa ɗan'uwansa a Makka, ko limamin unguwa ne, ka ba shi haƙuri. Goron Umma ma a bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi a kansa.

Yanzu maganar likita ta waya, wadda ita ta fi damuna, don na ga ka sakankance da ita. Ba na raina ta. Ni kaina na ga ranarta lokacin korona, da asibiti ya yi wuyar shiga. Amma lasisin likita na ƙasarsa ne. Likitan Umma majalisar likitocin Najeriya ce ta ba shi izinin aiki, izinin kuma bai ƙetare iyaka ba. Hoton takardarsa a wayarka ba zai sa mai kantin magani a Makka ya miƙo maka tramadol ko Lexotan ba. Sai likitan da ke da lasisin can ya gan ta ya rubuta. Kuma kada wani ya ce a aiko muku ta gidan waya ko ta hannun wanda zai biyo ku daga baya. Wannan shi ne ainihin abin da ake kira safara, mai ɗaukowa ne zai shiga uku.

Sannan ta waya likita ba ya taɓa mara lafiya. Ba zai auna jininta ba, ba zai latsa ƙafar da ta kumbura bayan dogon zama a jirgi ya gane gajiya ce ko jini ne ya daskare a jijiya ba. Tsohuwa mai suga da ta yi ɗawafi da sa'ayi cikin zafi, in ta fara rikicewa, ko numfashinta ya yi sama-sama, ko ta ce ƙirjinta ya riƙe, kada ka tsaya neman sabis. Ka kira 997, motar ɗaukar marasa lafiya ce. In shawara kawai kake so, 937 layin ma'aikatar lafiyarsu ne. Bizar Umara tana tafe da inshorar lafiya ta gaggawa, ka nemi takardarta wurin ejan ka riƙe.

Inda wayar za ta yi muku rana shi ne in kun je gaban likitan can: nata likitan zai iya yi masa bayanin tarihin ciwon, ko ya turo sakamakon gwaji. Zai kuma iya gyara mata lokacin shan magani, tunda agogonsu ya riga namu da awa biyu.

Abu na ƙarshe, na san halin Umma. In ta ji ana ta maganar kamu, cewa za ta yi a bar maganin duka, Allah zai ba ta lafiya a ɗakinsa. Ka lallashe ta. Pregabalin da Lexotan ba a yanke su rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, sai rashin barci da karkarwa da zufa, wani har farfaɗiya. In tana son ragewa, likita ne zai tsara mata a hankali tun kafin tafiya.

Da ka karɓo rahoton ka turo min hotonsa in duba kafin ka bar asibitin, don in akwai gyara a yi shi nan take. Ka gaishe min da Umma da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam.

Yayarka