Kifin da Muka Sani da Tafin Hannu

Ruwan Janfalan ba ya nuna cikinsa. Da damina ja ne wur, da kaka ya koma ruwan ƙasa, saboda haka yaron da ya yi nutso a zamaninmu da hannu yake gani. Lalube muke ce masa: ka ja numfashi, ka nutse, ka bi gindin gaɓa kana cusa hannu cikin kogo, abin da Allah ya haɗa ka da shi ke nan.

Wuraren namu ba su wuce rafin fadama ba, inda ake noman rake, sai kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, da wani rami mai zurfi da masu aikin hanya suka bari bayan sun kwashe marmara. Iyaye sun hana mu wannan ramin, kuma da gaskiyarsu: bakinsa a tsaye yake, ƙasansa sanyi ƙalau, ba inda ƙafa za ta dafa.

Tarwaɗa santsi gare ta, sai ka danne kanta da laka kafin ta yarda. Ƙarfasa ba ta tsayawa ma a taɓa ta. Ƙurungu kuwa, da ka kama shi sai ya miƙe ƙayoyinsa yana gurnani, in ya soke ka ranar ba ka riƙe fartanya. Amma wadda kowa ke tsoro ita ce minjirya. Jikinta taushi, ba ƙaya, ba ɓawo, kana taɓa ta sai ka ji an fizge hannunka har kafaɗa. Mun ɗauka iskokin ruwa ne. Sai a makarantar sakandare malamin kimiyya ya ce mana lantarki ne, babbarta tana iya sakin abin da ya kai volt 350, ya fi na soket ɗin gida.

Gaiwa ba a ruwa muka fi samunta ba. Idan fadama ta ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana shaƙar iska ta ɗan rami har ruwa ya dawo. Wani dattijo mai yin tubali ya taɓa sarar ƙasa ya fito da ita da ranta, ya miƙo mini yana cewa, "Ungo, yaro, kai wa innarka ta sa a miya."

Giwan ruwa kam labarinta kawai muke ji, a rediyo, lokacin bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934.

Nutson bai bar mu haka ba, don da yawanmu mun yi fitsarin jini, tsargiya, muna ɗauka alamar girma ce. Daga baya injinan ban-ruwa suka riƙa zuƙe rafi tun kafin bazara, wasu marasa imani kuma suka koma zuba maganin ƙwari a ruwa, su kwashe manya da ƙanana. Yau tarwaɗar da ake soyawa a kasuwar Makarfi yawanci ta kiwo ce, a tanki ta girma.