Bagumale Zai Shiga Teku

Ka saba ganina a wannan fili ina yi wa finafinai filla-filla, ina cewa wane darakta ya yi ƙoƙari, wane kuma ya cinye mana kuɗin kallo a banza. To wannan watan kaina zan ɗora a kan faifai. Ranar da na fara furta maganar nan a majalisarmu ta Gumel, sai da wani abokina ya ƙware da shayi saboda dariya. Ce musu na yi ina so in koyi nutso a teku, irin wanda mutum ke goya tukunyar iska a baya ya sauka ƙarƙashin ruwa yana numfashi.

Ban ga laifinsu ba. In ka san ƙasarmu ka san dalili. Daga Gumel ka nufi Maigatari, ko ka karkata Gagarawa, ko ka bi ta Sule Tankarkar, yashi ne da gonakin gero da riɗi da zoɓo. Ba mu da kogin da ke gudu rani da damina. Ruwanmu na rijiya ne da na burtsatse, gwanayen nutsonmu kuwa su ne masu yasar rijiya. Babban ruwan da yaron Gumel ya sani shi ne kududdufi, wato ramin da aka haƙi ƙasar gini damina ta cika shi.

Kuma kududdufin nan ba abin wasa ba ne a gidanmu. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a tsakiyar watan Agusta, muka tafi wanka bayan gari ni da ɗan kawuna, tsarana, wanda Innata ce ta raine shi. Ya taka inda ramin ya zurma. Muna tsaye mu wajen bakwai muna ihu, babu ko ɗaya da ya iya iyo. Kafin manya su iso ta Allah ta kasance. Tun daga ranar ko a kwatami na ga ruwa ya taru sai gabana ya faɗi.

To me zai kai irina teku? Fim ne, me kuwa. A wani gidan kallo, kan benci, na ga fim ɗin Indiya mai suna Zindagi Na Milegi Dobara, wanda Zoya Akhtar ta ba da umarni, ya fito a 2011. A ciki Hrithik Roshan ya fito a matsayin Arjun, mutumin da bai iya ruwa ba kuma yake tsoronsa, Katrina Kaif ta koya masa nutso a gaɓar tekun Sifen. Da ya fito daga ruwan sai ya zauna a jirgi yana hawaye, bai ce uffan ba. 'Yan kallo suna ta shewa saboda Katrina, ni kuwa hawayen nan ne suka tsaya mini a rai shekara da shekaru.

Sai bara wata dama ta leƙo. A Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, ana yin bikin baje-kolin finafinai na duniya da ake kira ZIFF, wanda aka fara a 1998, kuma galibi a watan Yuni ko Yuli ake yinsa a tsohon birnin da ake kira Stone Town. Duk mai sharhin fim zai so ya je ko sau ɗaya. Zanzibar ɗin nan kuma tana cikin wuraren da suka yi suna wajen nutso a Afirka, ruwanta da ɗumi, ga duwatsun murjani da kunkurun teku. Yawancin mutanenta Musulmi ne, saboda haka ba ni da damuwar abinci ko masallaci. Na leƙa batun tsibiran Maldif, na ga kuɗin ya fi ƙarfina. Na ce to, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na shiga adashi, na kuma sayi raguna biyu a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis na ɗaure, a kan in Babbar Sallah ta zo in sayar in cika kuɗin jirgi.

Nan fa aikin ya fara, wato zaɓen inda zan sauka in koya. Kuma a nan ne na kusa yin abin da kullum nake yi wa 'yan kallo faɗa a kansa: sayen fim saboda fosta.

Wuri na farko da na gani a intanet, wallahi kamar a mafarki. Farin yashi, bishiyoyin kwakwa, ɗakuna a bakin ruwa, Turawa suna murmushi. Na tura musu saƙo na ce ni sabon shiga ne, ban ma iya iyo ba. Ba a yi minti goma ba amsa ta zo: babu komai, ba sai na iya ba, rana ɗaya ta isa, za su kai ni har zurfin mita 25 in ga manyan kifaye, in na biya yau akwai ragi. Na ji daɗi ƙwarai. Saura ƙiris in tura kuɗin kafin alƙalami. Abin da ya tsayar da ni wani fim ne kuma.

Ko ka taɓa kallon Open Water, wanda Chris Kentis ya yi a 2003? Labarin miji da mata ne da suka bi jirgin masu nutso, aka yi kuskuren ƙirga mutane, jirgi ya juyo ya bar su a tsakiyar teku. An gina fim ɗin ne a kan abin da ya faru da gaske: a watan Janairun 1998 wani jirgi ya manta da wasu Amurkawa biyu, Tom da Eileen Lonergan, a tekun Ostareliya. Sai bayan kwana biyu aka farga ba su dawo ba, kuma ba a sake ganinsu ba. Ruwan da suka shiga yana cikin mafi kyau a duniya. Sakacin masu jirgi ne ya ci su. Da na tuna wannan sai na ajiye wayar, na ce bari in fara karanta yadda abin yake tukuna.

Ga abin da na gano, in taƙaita maka. Tukunyar da ake goyawa iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum aka matse a ciki, ba zallar oksijin ba kamar yadda mutane ke zato. Ruwa kuma yana da nauyi. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na bakin ruwa sau biyu, a mita 20 sau uku. Shi ya sa kunne ke ciwo in ana sauka, sai ka toshe hanci ka hura a hankali ya buɗe. Shi ya sa kuma dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. In ka cika huhunka a mita 10 ka taso ba ka fitar ba, iskar za ta kumbura ta ninka, huhu na iya fashewa. Sannan akwai iskar naitirojin da ke narkewa a jini in kana ƙasa. Ka san yadda kwalbar lemo ke tumfaya in an girgiza ta aka buɗe da sauri? Haka jini ke yi in mutum ya taso a guje. Don haka ake tasowa sannu-sannu, a tsaya minti uku a mita 5 kafin a fito. Don haka ne ma ba a shiga jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ke ba da takardar shaidar koyo, manyansu PADI, wadda aka kafa a 1966, da SSI. A tsarin PADI, mai son ɗanɗanawa na yini ɗaya ba a wuce da shi mita 12, kuma malami na gefensa. Mai son takardar farko kuwa sai ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma iya zama a saman ruwa minti 10. Zai yi karatu, ya yi darasi biyar a ruwa marar zurfi, ya shiga teku sau huɗu. Kwana uku zuwa huɗu ake yi, kuma bayan duk wannan iyakarsa mita 18. To ka ji fa. Mutumin da ya ƙware a matakin farko mita 18, ni da ban iya iyo ba an yi mini alkawarin 25 a yini ɗaya! Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Daga nan na rubuta tambayoyina a takarda, duk wurin da na tuntuɓa sai na jera masa. Wace ƙungiya ce ta ba malaminku izini, kuma mece ce lambarsa, don in bincika? Ɗalibai nawa malami ɗaya ke ɗauka? A ina ake darasin farko, a kwamin wanka ko kai-tsaye a teku? Kuna da oksijin na agajin gaggawa a cikin jirgi? Ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake kai wanda naitirojin ya kama, kuma awa nawa ne zuwa can? Yaya kuke ƙirga mutane kafin jirgi ya tashi, da kai ko da kiran suna? Yaushe aka yi wa kayan numfashi sabis? Kuɗin da kuka faɗa ya haɗa da hayar kaya da takardar shaida, ko sai na zo za a ce in ƙaro? Wuri na farkon nan da na tura masa, har yau bai amsa ba.

Na biyu a tsibirin Pemba yake, arewa da babban tsibirin Zanzibar, kuma ya fi araha. Su kam sun faɗa mini gaskiya. Sun ce Pemba ta yi suna ne da jan ruwa mai ƙarfi da gangara mai zurfi, ta fi dacewa da wanda ya goge, in je in koya a wani wuri in dawo. Na ji zafin maganar, amma na gode musu.

Na uku ƙaramin wuri ne a arewacin babban tsibirin, wajen Nungwi. Hotunansu ba su da wani armashi, ɗaki ne da gado da fanka. Amma kafin in gama jero tambayoyina malamin ya jero mini nasa. Ka iya iyo? Kana da asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko ciwon kunne? Kana da sikila? Ya turo takardar da likita zai sa wa hannu. Ya ce ɗalibai huɗu yake ɗauka, ba ya ƙarawa. Ya ce kada in zo tsakanin Maris da Mayu, lokacin babbar daminarsu ce. Da ya ji sunana ya ƙara da cewa kada in haɗa nutso da azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon naitirojin. Ƙarshe ya ce kada in turo ko sisi sai na iya mita 200 ɗin nan.

Mai karatu, shekara nawa nake gaya maka a wannan fili cewa in za ka sayi fim ka juya bayan kwali ka ga waye darakta? Wannan malamin na zaɓa. Na kuma tsara tafiyar yadda zan fara da nutso, in ƙare da bikin finafinai, don kwanakin kallon su zama hutun da jiki ke buƙata kafin jirgi.

Yanzu wata huɗu ke nan duk Asabar ina shiga mota daga Gumel zuwa Kano, inda wani bawan Allah ke koya mini iyo a kwamin wanka na wani otal. Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi, yara 'yan shekara takwas suna wuce ni suna dariya. Sati uku na yi kafin in yarda in tsoma fuskata. A satin da ya wuce na yi mita 120 ba tsayawa. Saura 80.

Abin da ya fi iyo wuya shi ne faɗa wa Inna. Na same ta bayan sallar isha'i tana gyaran zoɓo a tsakar gida, na tsuguna na yi mata bayani tun daga farko. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "wanda ya ci ɗan'uwanka a nan bayan gari bai ishe ka ba, sai ka je ka nemi uwarsa?"

Na ce, "Inna, ran nan mu bakwai ne a bakin ramin. Da ɗayanmu ya iya ruwa, wataƙila da yanzu yana nan zaune tare da mu."

Ta yi shiru har na zaci na yi ɓaranɓarama. Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kwana ya ƙare ne, kada ka ƙara faɗin haka. Amma tunda ka ce koyo kake, to ban yarda ka taka jirgi ba sai ka koya wa ƙannenka biyu. Damina na tafe, kuma ba jin magana suke ba."

Ka ga ke nan kuɗin motar Asabar ya zama na mutum uku, ragunan nan biyu kuma da wuya su isa. Wataƙila bikin bana ya wuce ni, sai na baɗi in Allah Ya kai mu. Na rubuta wa malamin na gaya masa, ya ce tekun ba inda za ta. Ƙaramin ƙanen nawa kuwa, a zuwansa na uku ya riga ni kaiwa ɗaya bakin.

Wata mai zuwa za mu koma kan sharhin finafinai kamar yadda aka saba. Kafin nan, in kana da yaro a gida, ka tambaye shi inda suke zuwa wanka in an yi ruwa. Na bar ka lafiya.