Idan Mota Ta Yi Fito, Magana Take Yi

A cikin dukan irin ƙarar da mota kan yi, babu wadda mutanenmu suka raina kamar fito. In inji ya soma ƙwanƙwasa, nan take direba zai ratse gefen hanya, in ya turnuƙe da hayaƙi hankalin kowa zai tashi, amma idan wani siririn sauti ne ya dinga tasowa daga ƙarƙashin bonet, sai ka ji an ce ai iska ce, kana a ƙara muryar rediyo. Ni kuwa a shekarun da na yi ina riƙe da mota, abin da na tabbata shi ne fiton nan gargaɗi ne, kuma mai motar da ya iya sauraro ya rigaya ya gano rabin cutar tun bai isa gareji ba.

Na taɓa ganin ƙarshen raina wannan gargaɗi a wata motar haya da na shiga daga Ikko zuwa Arewa. Tun kafin Ilori motar ke fito. Wani dattijo ya ce wa direba, "Malam, ka ko ji motar nan tana kuka?" Direba ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, halinta ke nan." Muna tsakanin Jebba da Mokwa, bayan magariba, fambel ya tsinke, allurar zafi ta haura, muka kwana a bakin daji da mata da ƙananan yara. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Wani tsohon makanike da na daɗe ina kai wa aiki ba ya taɓa sifana sai ya yi wa mai mota tambaya guda: yaushe take yin fiton? A nan duk asirin yake. Idan sai mota ta ɗauki gudu a kan titi sautin ke fitowa, in ta tsaya ya ɗauke ko da an taka totur, to a ƙyale inji, a duba robar ƙofa da ta gilashi, ko kuwa boris na ƙafa. Amma in mota na tsaye tana yi, lalle maganar tana cikin bonet.

Wanda ya fi yawan laifi shi ne fambel. Shi ne ke juya altaneta mai cajin batir, a motoci da yawa kuma shi ke juya famfon ruwa da na sitiyari. Idan ya saki ko ya tsufa ya yi santsi, sai ya riƙa zamewa yana tsuwa, musamman da sassafe lokacin hunturu, ko bayan an ratsa ruwa da damina, ko sa'ad da aka kunna fitilu ko aka karya sitiyari har ƙarshe, domin a lokacin ne nauyi ke ƙaruwa a kansa. A yayyafa masa ɗan ruwa inji na aiki. In sautin ya ɗauke na ɗan lokaci ko ya ƙaru, to shi ne. In kuwa bai canja ba ko kaɗan, sai a nemi laifin a boris na altaneta ko na famfon ruwa.

A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, akan danna fambel da babban yatsa bayan an kashe inji, in ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 sai a matsa altaneta a ɗaure shi. A Volkswagen Beetle kuwa, wadda iska ke sanyaya injinta ba ruwa ba, fambel ɗin nan shi ne ke juya fankar, saboda haka tsinkewarsa na nufin a tsaya nan take. Yawancin motocin yanzu bel guda ne dogo ke zagaye kome, da wani abin matsi mai ɗaure shi da kansa. Sauƙi ne, amma ran da ya tsinke caji da sitiyari, sau da yawa har da ruwa, duk tare suke tsayawa. Masu shafa masa sabulu ko man birki don ya yi shiru, su sani bakin mai gargaɗi kawai suka toshe, man kuma cin roba yake yi.

Na biyu shi ne iskar da inji ke zuƙa ta ɓarauniyar hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan idan ƙaramin tiyo ya tsage ko gaskit ya ci, iska kan kutsa ta ƙaramar kafa tana fito, kamar yadda mutum ke tsuke baki. Alamarsa ita ce ya fi ƙarfi sa'ad da mota ke tsaye ba a taka totur ba, domin a lokacin ne zuƙar ta fi tsanani, da an taka sai ya ragu. Sau da yawa injin kan riƙa rawa ko ya mutu a mahaɗar hanya. In fiton na canjawa idan an taka birki, birkin kuma ya yi tauri, kada a kwana ba a duba ba, don wannan batun rai ne. Kwamfutar da ake jona wa motocin zamani takan nuna cewa iska ta yi wa mai yawa, amma ba ta nuna inda kafar take. Makaniken nan nawa guntun tiyo yake ɗauka, ya kara baki ɗaya a kunne, ya bi inji da ɗaya bakin sannu a hankali har ya iske wurin.

Akwai kuma fiton da kan zo bayan doguwar tafiya, wani lokaci ma sai an kashe inji za a ji shi, kamar na butar shayi. Wannan tururi ne ke tserewa ta murfin lagireto ko ta tiyon ruwa. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100, don haka wanda ya buɗe murfin nan inji bai huce ba yana iya rasa fatar fuskarsa. Motoci masu turbo kuwa, ɗan fito idan an taka totur halinsu ne, sai fa in ya rikiɗe ya zama kamar jiniya, ƙarfin mota ya ragu.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, makanike yakan cire fambel ya tayar da inji na ƙasa da minti guda. In fito ya ɗauke, laifin na cikin abubuwan da fambel ke juyawa, sai a juya su da hannu ɗaya bayan ɗaya a ji wanda ke gurza. In bai ɗauke ba, a tuna da bel na ciki mai daidaita bawul, wanda tsinkewarsa a injuna da dama kan sa bawul ya yi karo da fistin, aikin kuɗi kaɗan ya koma na sake inji.

Gargaɗina ga mai son leƙa inji yana aiki shi ne ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya kiyayi fanka, gama ta lantarki takan tashi da kanta ba sallama. Sa'an nan duk mai shirin doguwar tafiya da iyali, ya ware minti biyar tun ana saura kwanaki, ya kashe rediyo, ya buɗe bonet ya kasa kunne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.