Kadan Mai Buga Littafi Ya Rufe Ƙofa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan wani abu wanda ba a koya mana shi a aji, ko da yake ya shafi aikinmu ƙwarai da gaske. Kullum ana nuna mana yadda za mu koya wa yaro baƙaƙe da wasula, da yadda za mu bi da shi sannu sannu har ya iya haɗa kalma. Amma ban taɓa jin an yi tambaya ba, shin kadan ya iya, me zai karanta, wa kuma zai buga masa? Mun saba ganin littafi a kanti kamar yadda muka saba ganin doya a kasuwar Keffi, ba mu tuna akwai wanda ya noma ta ba, balle mu tuna manomin nan yana iya ajiye garmarsa wata rana.

Wanda ya sa na fara wannan tunani wani ƙanena ne a unguwarmu ta Tudun Ƙofa, mai son littattafan nan na mutanen Japan da ake kira manga. Ga wanda bai san su ba, labari ne da ake bayarwa da zanen hannu, hoto bayan hoto, maganar kowane mutum kuwa an rubuta ta cikin ɗan da'ira kusa da bakinsa. Daga dama ake fara su a nufi hagu, kamar ajami. Ba a kuwa ƙare labarin a littafi guda. Sai ya kai littafi ashirin ko talatin, wani ma ya haura ɗari, mai karatu yana biye, yana jiran na gaba kamar mai jiran ruwan fari.

Mutanen Amurka ba su jin Japananci, saboda haka sai waɗansu kamfanoni suka riƙa sayen izini suna juya littattafan nan da Turanci. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Tokyopop, na birnin Los Angeles. A 2011 wani babban kamfanin kantunan littattafai mai suna Borders ya karye, ga shi kuwa yana cikin manyan masu sayar da kayan Tokyopop. Ba a daɗe ba, cikin watan Mayu na shekarar nan, Tokyopop ya tsai da buga littattafai a Amurka, bai koma sosai ba sai 2016. Labaru da yawa suka tsaya a tsakiya. Kafin wannan, a 2010, kamfanin DC Comics ya rufe sashensa na manga mai suna CMX, ya bar wani labari da ake kira Swan a littafi na 15, alhali 21 ne duka. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na JManga, wanda ke sayar da littattafansa ta intanet. Da ya rufe a 2013, mutanen da suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba abin da suka saya, gama littattafan ba a hannunsu suke ba, a wurin kamfanin suke, leƙawa kaɗai ake bari su yi.

Da na ji wannan sai na ce, af, ai mu ma an yi mana haka a nan Arewa, har ma abin ya fi nasu ciwo. Su waɗancan ƙarshen labari suka rasa. Namu mutanen kuwa, waɗansunsu karatun ɗungum suka rasa.

Ga yadda abin ya faru. Tun cikin shekarun 1930 akwai Hukumar Talifi a Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ce ta sa gasar rubutu ta 1933 wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ne edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Sa'an nan a farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwa na manya a birni da ƙauye, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a suka zauna a kan tabarma suna koyon a, ba, ca. Shugabannin wancan lokaci kuwa sun gane abin da mu muke mantawa, watau koya wa mutum karatu ba tare da an ba shi abin karantawa ba kamar a ba shi tulu ne a hana shi rijiya. Don haka a 1954 aka kafa wata hukuma a Zariya, wadda aka fi sani da NORLA, aka ɗora mata aikin buga littattafai da jaridu da kai su ga jama'a.

Aikin da hukumar nan ta yi cikin shekara biyar ba kaɗan ba ne. Ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da tsabta da sana'a da addini da tarihi, da waƙoƙi, da littattafan hira, waɗansu da boko, waɗansu da ajami. Ba Hausa kaɗai ba, har da Fulatanci da Barbarci da Tibi da waɗansu harsunan Arewa. Abin da ya fi burge ni shi ne jaridun larduna. Sakkwato tana da Zaruma, Katsina tana da Himma, Kano Sodangi, Zazzau Bazazzaga, Bauci Zumunta, Filato Gamzaki, Adamawa Arɗo, Barno kuwa Albishir. Ku duba fa, mutum yana ƙauyensu ya buɗe takarda ya ga sunan hakiminsu da na kasuwarsu an buga da ɗab'i! Wanda bai taɓa ganin sunan garinsu a rubuce ba, ranar nan zai yarda karatu nasa ne, ba na ma'aikatan En'e kaɗai ba.

Amma buga littafi daban, sayar da shi daban. Ƙasar tana da faɗi, hanyoyi ba kyau, kantunan littattafai ba su da yawa, mai saye kuma talaka ne mai ƙirga kwabo. Kuɗin da ke fita ya fi wanda ke shiga. A 1959, shekara guda kafin samun mulkin kai, aka rufe NORLA, abin da ya rage na aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya. Jaridun lardunan nan suka mutu. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, da haɗin gwiwar Macmillan ta Ingila, ya shiga sake buga tsofaffin littattafai da fid da sababbi.

Shekara bakwai ke nan tsakani. A littafin tarihi layi guda ce, amma ga wanda bai daɗe da iya karatu ba, shekara bakwai ta isa ta shafe kome. Wannan kuwa ba a littafi na gani ba, a gidanmu na ji.

Kakana, Allah ya ji ƙansa, yana cikin waɗanda suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a nan Keffi, a lokacin muna cikin Lardin Binuwai. Yana saurayi, ɗinki yake yi. Yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da 'yan littattafai sirara waɗanda takardarsu ta yi ja don tsufa, kowane da kuɗinsa a bango, wani taro, wani sisi, wani sule. Sa'ad da nake ƙaramin yaro, in na komo daga makarantar mishan da aka sa ni, yakan ce, "Zo nan, ɗan boko, mu ji ko Turancin nan ya bar maka Hausa." Sai ya fid da guda ya miƙo mini. A wurinsa na fara karanta Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, bangon baya ya ɓace, shafin ƙarshe kuma gara ta ci rabinsa, sai shi ya ƙarasa mini da ka.

Ya gaya mini yadda suke yi a zamanin nan. Kadan sabon littafi ya iso gari, mutum guda ya saya, da dare a taru a zaure, a kunna fitilar ƙwai, wanda ya fi saurin karatu ya karanta, saura su saurara, gobe wani ya ara ya je ya yi ta fama da shi shi kaɗai. Ya ce ba wanda ya zo ya yi musu shela an rufe wata hukuma a Zariya, ba su ma san sunanta ba. Abin da suka gani kaɗai, mai kawo littattafai ya rage zuwa, in ya zo kuma waɗanda suka riga suka karanta ne a jakarsa, daga baya ya koma sayar da wani abu. Zaman zauren ya watse a hankali. Shi abin da ya cece shi, ɗinki ya sa dole ya riƙa rubuta awo da sunayen masu kaya da bashi, yana kuma sayen Gaskiya duk ran da ya samu. Amma a cikin abokansa akwai wanda ya karɓi takardar shaidar gama aji da hannunsa, ya ajiye ta cikin adaka, bayan 'yan shekaru ɗansa ya aiko masa da wasiƙa daga Kaduna, sai da ya kai wa kakana ya karanta masa. Kakana ya ce mutumin nan ya zauna ya sunkuyar da kai har aka gama, bai ce kome ba sai "na gode".

Ni a ganina wannan ita ce babbar hasara, kuma ba ta shiga lissafin kowa. Mai lissafin kuɗi ya duba littafinsa ya ga hukuma tana cin fam kaza kowace shekara ba ta maidowa, gaskiyarsa kuwa. Amma kuɗin da aka kashe wajen koya wa mutumin nan karatu, da daren da ya hana idonsa barci, a wane shafi aka rubuta su? Ba na cewa a yi ta zuba dukiyar jama'a a rami. Ina dai cewa ba a tambayar rijiyar gari ribar da ta kawo a ƙarshen shekara.

Masu karatu kuwa ba su kan zauna haka nan har abada. A Amurka, da kamfanonin nan suka rufe, masu son manga suka koma ga fassarar da 'yan'uwansu ke yi suna bazawa a intanet ba da izini ba, mai zanen kuwa ko anini bai samu. A nan Arewa, da bugun littattafai ya yi tsada ƙwarai cikin shekarun 1980, samari da 'yan mata suka shiga rubuta nasu suna kai wa masu ɗab'i da kuɗin aljihunsu, abin da aka zo ana kira adabin kasuwar Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka yi suna. Su ma kashi kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma yayyenmu mata sun san zafin a sayi na ɗaya da na biyu, a yi ta zarya wurin mai haya ana tambayar na uku, ya ce bai fito ba tukuna, har a gaji. Malamai da yawa sun raina littattafan nan. Ni ban raina su ba, gama na san matan aure a Tudun Ƙofa waɗanda ba su wuce aji shida ba, amma har yau suna karatu da sauri, ba don kome ba sai don su.

A lokacin gwajin koyarwa da aka tura ni wata firamare a bayan gari, na ga abin da idona. Yaran aji biyar, kusan rabinsu suna iya karanta abin da na rubuta a allo. Na tambaye su wa ke da wani littafi a gida wanda ba na darasi ba, hannu uku suka tashi. Akwai kabad na littattafai a ofishin hedimasta, amma a kulle yake, wai kada yara su yage su. Na ɗauko Magana Jari Ce nawa na riƙa karanta musu labari guda kowace Alhamis kafin a tashi, ina tsayawa daidai inda ya fi daɗi. Mako na uku wata yarinya ta biyo ni har bakin hanya, ta ce, "Malam, don Allah ka ara mini, zan kawo gobe, ba zan bari ƙanena ya taɓa ba." Na ba ta. Ta maido shi an naɗe da leda, ta kuma gaya mini mahaifiyarta ce ta hana ta barci sai ta karanta mata.

Saboda haka ina roƙon Shugaban kwaleji da malamanmu na Hausa su yarda mu yi wani ɗan aiki. Da yawa a cikinmu akwai irin adakar kakana a gidajensu, gara da ɗigar ruwa suna cinye ta. In mun tafi hutu, kowa ya tambayi tsofaffin gidansu, ya kawo abin da ya samu, ko jaridar lardi ce guda, ko littafin da ba bango. A ware musu kanta ɗaya a ɗakin karatu, a rubuta sunan gidan da kowane ya fito, a ɗauki hoton shafuffukan, a kuma buga kwafi a takarda, kada a dogara ga waya kaɗai, mun ji abin da ya sami mutanen JManga. Wanda za a tura gwajin koyarwa ya ɗauki kwafi biyu ko uku ya tafi da su. Ni na riga na yi magana da kawuna, wanda adakar take hannunsa yanzu, ya yarda in kawo littattafai tara bayan hutun nan, da sharaɗin in an gama ɗaukar hotonsu a maido masa da abinsa.