Abin da lagireto ya koya mana

A shekararmu ta ƙarshe a kwalejin fasaha, mu huɗu aka ba aikin haɗa ƙaramin lagireto. Ruwan zafi na bi ta bututun tagulla, siraran faifan alminiyum da ke jere a jikinsa kamar haƙoran mataji kuma su miƙa zafin ga iska. Muka ce ai yawan faifai shi ne yawan sanyi, sai muka matse su, muka kusan ninka adadinsu.

Ranar gwaji ruwa ya ƙi hucewa. Fanka na ta gurnani, iska ba ta ratsawa. Malam ya kai tafin hannu bayan lagireton, ya ce, "Kun gina katanga, kuna jiran iska?" Ya nuna mana cewa in za a ninka gudun iska, tirjiyar kan kusan ninka huɗu, wutar fanka kuwa kusan takwas. Kuɗin karo-karonmu sun ƙare, sai da muka ci bashi muka sake faɗaɗa tazarar.

Yanzu duk hunturu, in ƙura ta toshe lagireton janareto, mukan wanke shi a hankali kada faifan su lanƙwashe. Ku ma ku duba naku.