Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

'Yan'uwana mata, yau zancen awo na zo muku da shi. Kowace mace ta san gishirin da tukunyarta za ta ɗauka, amma wa ya taɓa gaya mana shayi kofi nawa ya isa?

Sa'ad da mu ke kwalejin horon malamai, an koya mana abubuwan da jiki ba ya rayuwa sai da su. Wadda ta rasa bitamin C dasashinta zai riƙa jini, wadda ta rasa aidin kuwa sai maƙoƙo ya fito mata. Awon waɗannan da sauƙi, domin rashinsu ya kan nuna kansa. To, amma akwai waɗansu da rashinsu ba ya kwantar da mutum, sai dai samunsu na ƙara lafiya. Ga jan da ke cikin tumatir, watau laikofin, ga lutin na ganyen zogale da alayyafo, ga kuma filabanol mai sa shayi bauri. Tun da ba a ganin rashinsu, sai an bi dubban mutane shekara da shekaru kafin a san gwargwadon da ke da amfani.

A 2013 masanan abinci na ƙasar Sin suka yanka wa lutin miligiram 10 a yini. A 2022 ƙungiyar masanan abinci ta Amurka ta ce filabanol miligiram 400 zuwa 600 a yini na taimakon zuciya, watau kamar shayi kofi biyu ke nan. Amma sun ja kunne, a abinci za a nema, ba a ƙwaya ba. Dama a 2018 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta nuna sinadarin koren shayi da a ke ɗurawa a ƙwaya, in ya kai miligiram 800 a yini, yana iya taɓa hanta.

Abin da ke damuna ke nan. Na ga mata a unguwarmu suna tsakurar kuɗin cefane su sayi irin ƙwayar nan don rage ƙiba, miya kuwa ba ganye. 'Yammatan ajina kuma, da yawansu shayi ne abokin kowane abinci. Alhali shayi tare da abinci ya kan hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini, ga shi budurwa da mai ciki su suka fi bukatarsa. A bari sai bayan awa guda, sa'an nan a sha.

Ni dai awon da na riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya: ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400 a yini, kamar cikin hannu biyar, ban da rogo da dankali. A dafa tumatir da ɗan mai, domin haka jiki ya fi ɗaukar amfaninsa. Kuɗin ƙwaya kuwa a kai wa mai zogale.

Allah ya ba mu lafiya da iyalanmu, amin.