Tebur Daga Tsohon Katako

Maganar tebur zan yi yau, kuma ta shafi kafintocinmu da mu masu ba su aiki.

A Achika da sauran garuruwan ƙasar Wudil, idan aka rushe tsohon shago ko aka sauya rufin ɗaki, katakon da aka cire galibi a murhu yake ƙarewa. Abin yana ba ni takaici ƙwarai. A cikin tarkacen nan ana samun ƙyauren maɗaci, ana samun falankin loko da aka kawo daga kudu tun lokacin da dazuzzukan ke cike da manyan bishiyoyi. Yau ko da kuɗinka ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa, sai ka sha zagaye kafin ka samu busasshe mai irin wannan ƙwari, don yawancin abin da ake saukewa daga tirela ɗanye ne. Maɗobiya kuwa an yi ta sararta a Taraba ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido.

Tsohon katako ya sha hunturu da damina masu yawa, wanda zai kantare ya riga ya kantare. Sai dai mutane da dama suna ɗauka ya daina motsi, alhali bai daina ba. Itace yana shan laimar iska ya kumbura, iska ta bushe ya motse, haka zai yi ta yi muddin yana nan. Kowa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa, Janairu na zuwa ta bar kafa ƙura na shigowa. Mu a ƙasar Kano abin ya fi tsanani: da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a tsakiyar damina ya haura kashi 70.

Abin da ya kamata kowane yaron kafinta ya haddace shi ne ta ina motsin yake. Tsawon falanki kusan ba ya canzawa, faɗinsa ne ke ƙaruwa yana raguwa. Saman tebur mai faɗin mita ɗaya zai iya motsawa santimita guda ko fiye tsakanin damina da hunturu. To ga sandar da ke gicciye a ƙarƙashinsa, ita tsawonta na nan yadda yake. Kafinta ya zo ya shafa gam, ya jera ƙusoshi, ya ɗaure su tamau, mai tebur ya girgiza ya ji ba motsi ya yi murna. Iskar hunturu na kaɗawa saman ya nemi motsewa, ƙusa ta riƙe shi, sai ya tsage daga baki. Da damina kuma ya banƙare ko ya ture haɗin ƙafafu. Daga nan a ce ai katakon ne ba shi da kyau. Wallahi katakon ba shi da laifi.

Maganin ba tsada gare shi ba. Gam a tsakanin falanki da falanki kawai, gefe da gefe. Wajen ɗora saman a kan ƙafafu, sukuru ɗaya na tsakiya shi ake ɗaurewa sosai, sauran a yi musu rami mai ɗan tsawo ta fuskar faɗin teburin domin su samu wurin zamewa. Wasu kan yanka 'yan guntayen katako masu harshe, su shiga tsagin da aka yi a jikin sandar, suna riƙe saman suna barinsa ya ja. Kuma a lura da lokacin aiki: wanda aka haɗa da hunturu kumbura zai yi nan gaba, wanda aka haɗa da damina motsewa zai yi. Mai ko fenti a shafa sama da ƙasa daidai, in ba haka ba fuska ɗaya ta fi shan laima, teburin ya lanƙwashe.

Kafin duk wannan, a zare tsofaffin ƙusoshi, har waɗanda suka karye a ciki, don su ne ke cinye haƙoran zarto. Wanda gara ta shiga, ko yake zubar da gari daga 'yan ƙananan huda, a ware shi. Bayan an goge a jera falankan a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu, su yi makonni suna shan iskar wurin.

A nan ne namu laifin yake, mu masu ba da aiki. Mutum ya kawo katako ranar Talata, ya ce lallai Juma'a in ya dawo daga kasuwar Wudil zai ɗauki teburinsa, kuma ya taya kuɗin da ko na ƙusa bai kai ba. Malam kafinta yana da iyali, dole ya buga ya miƙa. Zare ƙusoshin tsohon ƙyaure kaɗai zai iya cin yini guda, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi wannan yinin kyauta ba.